Matosan Anti Selvi

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Likita ta ce in riƙa rubutu. Na ce me zan rubuta? Ta ce komai. To ga komai: an yi ruwa jiya da la'asar, fankar falo tana ƙara, albasa ta ƙare.

Yau kwana goma sha uku. Mutane suna azumi na tara, ni ba azumi ba salla. Sai maigidan, Tajuddeen, ya tafi makaranta nake cin abinci a tsaye a kicin.

Ya sayi tikiti. Talata 8 ga Afrilu za mu koma Kano gaba ɗaya, karatunsa ya ƙare, shekara huɗu a nan unguwar Sentul sun cika. Ya ce kafin mu tafi yana so ya kai ni wurin, in ga inda take, don in muka hau jirgi ba lallai mu sake takowa ƙasar nan ba. Na ce ba yau ba.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

An yi ruwa.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Anti Selvi ta buga ƙofa. Ita ce maƙwabciyar da ƙofarta ke kallon tamu, Ba'indiya, Kirista, ta haura sittin. Tun ranar da muka tare ta yanke min suna daga Ruƙayyatu ya koma Ruku, ban san wanda ya ba ta izini ba. Ta shigo tana jan buhu a ƙasa.

"Ruku, sitting only, sitting only. Not good lah. Come, help aunty."

Ta zazzage buhun a tsakar falo. Matosai ne, irin na toshe bakin kwalba, na wani icce mai laushi mara nauyi, kowanne bai kai tsawon yatsana ba. Sun fi dubu. Ɗanta ne yake tara mata su daga otal ɗin da yake aiki, duk Disamba ta yi kayan adon Kirsimeti da su. Ta ce waɗannan ragowa ne, kuma tun da Raya ta kusa, wato ƙaramar salla a bakinsu, me zai hana mu yi wata da taurari. Ta nuna min hoto a waya. Na ce to.

Ta sa ni ware masu tsaguwa daga masu lafiya. Na yi awa biyu ina warewa, kuma a awa biyun nan ban tuna komai ba. Shi ya sa na ce ta bar buhun a nan.

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

Umma ta kira daga Gwammaja.

"Kina wankan dai ko? Safe da yamma? Kina shan kunun kanwar?"

Na ce ina yi. Ban ce mata kanwar da yajin da ta aiko suna nan a ƙulle yadda suka zo ba. Sai ta ce Allah ya sa mai ceto ce. Na ce amin. Na faɗi amin ɗin nan ya fi sau ɗari, yanzu da kanta take fita.

Gaban rigata ya sake jiƙewa. Jikina bai ji labari ba tukuna.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Hureira da Bilqis sun zo duba ni. Hureira matar lakcara ce, kowa Maman Rayyan yake ce mata, kuma babu abin da ke duniya da ba ta sani ba, ko da yau ta fara ganinsa. Bilqis tana masters, baki gare ta kamar rediyo. Sun shigo da fuskar ta'aziyya, sai suka tarar da ni a ƙasa cikin tarin matosai.

Bilqis ta ɗauki ɗaya ta shinshina. "Wannan kuma na wace kwalba ne? Yana wani smell kamar tsamiyar da ta kwana a ruwa."

"Na man zaitun ne," in ji Hureira. "Na san su, I'm very sure. Irinsu ne a kwalaben da ake kawowa daga Saudiyya."

"To jan da ke bakinsa fa?"

"Design ne mana. Rini suke sa musu."

Babu wadda ta ƙara tambaya. Anti Selvi ta shigo daga baya da gam da almakashi, ita ma ba wadda ta tambaye ta.

Hureira tana cikin kwamitin taron salla da 'yan Najeriya za su yi a wani ɗakin taro a titin Jalan Semarak, kuma ba su da abin ƙawata bango. Nan take ta yanke: babban wata ɗaya, taurari goma sha biyu, duk a falona za a yi. Bilqis ta ce a riƙa juyo da jan bakin waje, ya fi kyau. Na ga sun haɗa ido a kaina. Na gane dabarar, aikin hannu suke nema min. Na ce to.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 12 na rana

Anti Selvi ta ce sai an dafa su kaɗan, in ba haka ba wuƙa na taɓa su za su marmashe. Na dafa su a tukunyar tuwo. Ruwan ya koma kalar zoɓon da aka cika wa ruwa, gidan duk ya ɗauki tsami. Na buɗe taga.

Sun yanku sumul. Na yanka ɗari da wani abu.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Gam ɗin irin wanda ake narkarwa da wuta ne. Ya zubo min a yatsa, ina kallo har fatar ta tashi. Anti Selvi ce ta yi ihu ta ja ni famfo. Ta ce ba zafi? Na ce akwai mana. Ƙarya na yi mata.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe 10 na safe

Tajuddeen ya sake maganar zuwa wurin jiya bayan ya sha ruwa. Na ce a wurinmu ai mata ba sa zuwa. Ya ce a nan suna zuwa, har da yara. Na ce ba yau ba. Ya ce to, ya ci gaba da naɗe littattafai a kwali.

Mun iya zama a ɗaki ɗaya ba magana, mun ƙware. Yana ta rarraba kayan gida, wani ɗalibi ya zo ya ɗauki tebur. Jan akwatin da ke saman kabad ne kawai ba wanda ya taɓa. Ni na jera kayan cikinsa da hannuna a watan Janairu, har da 'yar hula mai kunnen zomo da Bilqis ta sayo a kasuwar Chow Kit.

Tun cikin yana wata biyar muka yi da shi cewa in mace ce sunan Umma za a sa, a riƙa ce mata Ummi. Ba a yi taron suna ba. Ban san ko ya raɗa mata wani abu ba, kuma ban tambaya ba.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Mu huɗu a ƙasa tun hantsi. Hureira ta zana watan a jikin kwalin firij, ta ce ita ce mai ido. Ya fito kamar ayaba. Anti Selvi ta karɓe alƙalamin, ta gyara.

Mun raba aiki. Ni yanka, Anti Selvi gam, Hureira jerawa da ba da umarni, Bilqis ɗaure taurari da koren ribon. Bilqis in hannunta ya cika sai ta riƙe matoshi da leɓe, tana magana a haka.

"Ke da azumi kike sa abu a baki?" in ji Hureira.

"Icce ne fa, Maman Rayyan. Asuwaki ma ai icce ne. Relax lah."

Can Bilqis ta kwaikwayi yadda malaminta yake cewa "boleh, boleh", wato "ya yi" a yarensu, alhali bai karanta komai ba, sai na ji dariya ta fito daga bakina. Duk suka ɗago. Ni ma na tsaya, ban san daga ina ta zo ba. Muka ci gaba da aiki.

Da za su tafi Hureira ta ce, "Sai Talata, Maman..." ta haɗiye sauran. "Sai Talata, Ruƙayya."

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Watan da muke haɗawa ya kai rabi. An yi ruwa.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Na yi wani ɗan tauraro ni kaɗai, daga ƙananan yanka da suka rage. Bai kai tafin hannuna ba. Ban yi shi don taron ba, ban san don me na yi shi ba. Na ɗora shi a kan jan akwatin.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Bilqis ta shiga ɗaki salla, ta fito da shi a hannu. "Wa ya yi wannan? So cute wallahi, ya fi duka kyau!" Ta ɗaura masa zare ta rataye shi a cikin lanƙwasar watan. Ina kallonta. 

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Ya dawo daga masallaci a makare kamar kowace Juma'a, da jar laka a takalminsa. Ya tsaya a ƙofar kicin ya ce saura kwana goma sha ɗaya. Na ce na iya lissafi. Ba yau ba.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe 2 na rana

An gama. Watan ya kai tsayin ƙirjina, ja-ja-ja, an zagaye shi da ƙananan fitilu. Mijin Hureira ya zo da mota aka kwashe. Falo ya koma fayau, sai ɓurɓushi a ƙasa. Na share sau biyu.

Litinin, 31 ga Maris, ranar salla, ƙarfe 6 na yamma

Zan rubuta yadda ya faru a jere.

Hureira ta matsa sai na je. Fitata ta farko ke nan tun daga asibiti. Na sa atamfar bara, ta yi min yawa a kafaɗa. Ɗakin taron ya cika, shaddodi da lesuka, ƙamshin masa da miyar taushe. Watanmu yana bangon gaba, fitilunsa suna ƙyafta ido, mata suna layin ɗaukar hoto a gabansa. Aka yi ta ce min sannu da jiki, Allah ya sa mai ceto ce. Amin, amin. Na zauna ina kallon ɗan tauraron yana juyawa a iskar fanka. Ba zan ce na ji daɗi ba, amma na zauna.

Sai Abdulbaƙi, wani abokin Tajuddeen da ke nazarin sinadaran abinci, ya je ɗaukar hoto. Ya matsa kusa, ya cire tabarau, ya karanta rubutun jikin wani matoshi, ya shinshina. Da ma shi bai iya magana a hankali ba.

"Jama'a, wa ya kawo wannan? Wannan fa wine cork ne. Matoshin kwalbar giya! Wannan jan da kuke gani ita ce ta bushe a jiki."

Wurin ya yi tsit. Muryar Bilqis ce ta fara fitowa: "Na shiga uku! A bakina nake sa shi, da azumi!"

Hureira ta ce ita da ma tun farko ƙamshin bai kwanta mata ba. Ban ko kalle ta ba.

Daga nan maza suka taru a gaban watan. Daktoci shida da rabin dakta wajen goma, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce najasa ce, wancan ya ce ta bushe, wani ya ce an dafa ai, wani ya ce dafawar ce ma ta watsa ta ko'ina, wani yana neman amsa a waya. Babu wanda ya tambayi waɗanda suka yi. Wata mata ta janye 'yarta daga jikin bangon tana kakkaɓe mata riga.

Tajuddeen ya miƙe. Ya hau kujera ya kashe fitilun, ya sauke watan, ya ninke kwalin biyu, na ji matosan suna ɓallewa. Ya tattara taurarin, har da ƙaramin, ya zuba a baƙar leda ta shara, ya ƙulle bakinta, ya rungume ta da hannu biyu ya fita da ita ta ƙofar baya. Ya wuce ta gabana bai kalle ni ba.

 Na tashi na fita na tari tasi ni kaɗai.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe 9 na safe

Ya iso gida jiya bayan na rufe littafin nan. Ya ce me ya sa na taho ban faɗa masa ba. Na ce ina ledar? Ya ce haba Ruƙayya, abin giya ne fa, so yake ya rufa mana asiri kafin maganar ta yi nisa.

Ban san ina da murya irin wannan ba.

"Kai dai ɗauka ka iya! Ka naɗe, ka ɗauka, ka fita, ba ka tambaye ni ba! Ni na yi shi da hannuna! Na farka na tarar an gama komai, an wanke, an naɗe, an kai, kowa ya gani ban da ni, sai amin nake ta cewa kamar aku!"

Ban san a wace gaɓa na daina maganar matosai ba. Shi ya sani. Ya zauna a kan kwalin littattafai, hularsa a hannu.

"Likita ta ce ba za ki farka ba sai dare, kuma ba a ajiye... ba a jira. Ni kaɗai na riƙe ta a bayan mota, Ruƙayya. Thesis ɗina ya fi ta nauyi." Ya goge fuska da hular. "Sau uku na ce ki zo. I can't carry this alone to Kano, wallahi ba zan iya ba."

Ban taɓa ganin hawayensa ba sai jiya. Ni nawa ba su zo ba. Haushi ne ya zo, mai zafi, kuma shi ne abu na farko da na ji sosai tun watan Fabrairu.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Ashe bai zubar da ledar ba, a but ɗin motar mijin Hureira ya sa. Ya je ya karɓo ya ajiye a bakin ƙofa.

Na kai wa Anti Selvi kayanta. Da na yi mata bayani ta dafe kai da hannu biyu. "Aiyo, Ruku! I thought you all know! Hotel bottle, what else?" Ta yi ta ba ni haƙuri har na gaji. Na ce ba laifinta ba ne, mu uku ne da digiri biyar a tsakaninmu ba wadda ta taɓa ganin an buɗe kwalbar.

Watan ya karye, amma ƙaramin tauraron bai yi komai ba. Ta juya shi a hannu, ta dube ni, ta ce na wa ne?  Ta ce za ta rataye shi a ƙofarta duk Disamba. Na ce to, kuma wannan karon da gaske na faɗa.

Na wanke tukunyar tuwo sau bakwai. Bilqis ta turo saƙon murya tara, ta tambayi malamai uku game da azuminta, biyu sun ce ba komai, ita kuma ta na ukun ta kama.

Juma'a, 4 ga Afrilu, ƙarfe 4 na yamma

Jar laka a takalminsa kuma. Yau na gane daga ina take.

Bai tambaye ni ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu, ƙarfe 2 na rana

Kwana arba'in. Na yi wanka, na yi sallar azahar. Goshina ya daɗe a ƙasa amma ban roƙi komai ba. Jan akwatin mun ba Hureira ta ajiye wa duk wadda Allah ya sauka lafiya. Hular zomon kawai na cire.

Da yana ɗaure kwali na ce masa, gobe da safe. Ya tsaya da igiya a hannu. Ya ce Allah ya kai mu.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe 5 na yamma

Mun je.

Ba nisa ashe, minti ashirin a tasi. Wata ɗaya da rabi tana minti ashirin daga inda nake yanka matosai. Wurin yana da itatuwa masu farin fure, ga busassun furannin da mutanen nan suka zuba ranar salla. Tsohon da ke kula da wurin ya ɗaga wa Tajuddeen hannu kamar tsohon aboki. Bai nemi hanya ba, ƙafarsa ta san ta. Muka bi ta jar laka har can gefen katanga, inda ƙananan suke a jere.

Na ɗauka kabarin zai fi haka girma. Watan da muka yi ya fi shi tsawo.

Akwai ɗan allo a kafe, an ɗaura masa farin ƙyalle irin yadda suke yi a nan. Kwanan wata ɗaya ne kawai a jiki. A samansa rubutun hannunsa ne, na san yadda yake jan harafin H.

Halimatu binti Tajuddeen.

Sunan Umma ne, ban taɓa faɗarsa da bakina ba. Kuma 'yar fari ce, da ta rayu ma kunya ba za ta bar ni in kira shi ba. Na durƙusa a lakar na faɗe shi da ƙarfi, sau uku ko huɗu. Daga nan kukan ya zo, duk na kwana arba'in da ɗaya, har tsohon ya juya baya ya ba mu wuri. Na yi kewarta. Ban taɓa ganin fuskarta ba, kuma kewarta nake kamar raina zai fita.

Tajuddeen ya zuba ruwan gorar da ya zo da ita, ya ba ni rabi na zuba. Ya ce tana da gashi da yawa, kuma hancina ne. Mun daɗe a wurin. Hureira tana da sauran shekara biyu a ƙasar nan, ya ce ya riga ya nuna wa mijinta layin.

Hadari ya haɗo ta gabas. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya miƙo min hannu.

"Maman Ummi, tashi mu tafi kada ruwa ya same mu."

Na ce na'am.